Gammon da ke Cikin Wuyana

Kai mai jar hula, na ji ka jiya da kunnena. Ka ce wa ɗan'uwanka hawan dabino ba wani aiki ba ne, wai Allah ya riga ya sassaƙa matakala a jikin bishiyar, sai dai mutum ya taka ya wuce. To madalla da gwani. Ku matso nan inuwa, shayin bai ƙare ba, rana ma ba ta ɗaga ba. Zan ba ku labarin sana'ar, da shekarar da na kusa rabuwa da ita saboda yatsa guda ɗaya tak. In na gama sai ka zaɓi bishiyar da ta yi maka a garkar nan ka nuna mana.

Ni Ilu, daga wani ƙauye na gefen Magarya na fito, ƙasar Damagaram. Da na sauka Sabha, can ƙasar Larabawa bayan hamada, ba ni da komai sai ƙarfi da kaurin wuya, don haka aikin gini na fara a unguwar Hajara, ina ɗaukar bulo da siminti a ka. Wata safiya muna tsugune a bakin titi inda ake zuwa ɗibar ma'aikata, sai ga wani tsoho a cikin wata a-kori-kura da ta ji jiki, ya leƙo yana tambaya wa ba ya tsoron sama. Ni da na tashi ina hawan giginya, sai na ɗaga hannu. Shi ne Ammi Salim, mai wannan garka ta Gudduwa da muke zaune a cikinta. Ammi baffa ke nan da Larabcinsu, kuma kowa haka yake kiransa, har waɗanda suka girme shi.

Ranar farko bai ce mini komai a kan dabino ba. Ya dubi ƙafata ya ce in cire takalmi. Ya ba ni igiya mai kauri da faffaɗar ɗamara a tsakiyarta, ya ba ni lauje, ya kai ni gindin wata gajeruwar bishiya da ko akuya mai zuciya za ta iya gwada ta. Na ji haushi, wallahi. Na zagaya igiyar a jikin bishiyar da bayana kamar yadda ya nuna, na fara hawa, sai na ga na rungume gangar jikin da hannu biyu ina nishi, ƙirjina duk ya kuje. Tsohon yana zaune a ƙasa yana ɓare gyaɗa. Ya ce, "Ya Ilu, matarka ce? Sake ta! Kwanta baya!" Abin da sabon shiga ba ya iya yarda da shi ke nan: sai ka jingina da baya, ka saki nauyinka a kan igiya, sannan ƙafa take samun wurin kamawa. Ka ɗan sassauta, ka cilla igiyar sama, ka taka, ka sake jingina. Kuma matakalar nan da mai jar hula yake yabo, rabinta ruɓaɓɓiya ce. Kowace sai ka fara latsa ta da yatsun ƙafa ka ji ko za ta ɗauke ka, shi ya sa ba a hawa da takalmi.

Igiya kuwa ba a aronta, ba a ba da aronta. Kullum kafin in hau sai na bi ta da babban yatsana daga wannan baki zuwa wancan, ina jin inda ta fara laushi ko inda zare ya tashi. Ido yana iya ruɗin mutum, yatsa ba ya yi. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Sai ƙaya. Kai, ƙayar dabino! A gindin kowane reshe take jere, wata ta fi tsawon yatsa, kanta kuma yana da wani dafi da ke sa wuri ya kumbura ya yi ta zogi har kwana da kwanaki. Aikin farko a kowace shekara shi ne share ta da lauje, daga ƙasa zuwa sama, kafin ka kai hannu wurin fure. Duk da haka sai ta same ka. Ta shiga tafin hannuna, ta shiga cinyata, akwai wadda ta huda mini kunne ban nemi ɗan kunne ba. Babu zagin da ban yi wa ƙayar dabino ba, da Hausa da Larabci, har da ɗan Faransancin da na tsinta a tasha.

Aikin da ya fi kowane muhimmanci shi ne na ƙarshen sanyi, lokacin da muke cewa aurar da dabino. Dabino akwai mace akwai namiji, kuma ba a barin iska ta yi musu aikin. Kana ganin kwanson furen macen ya tsage, sai ka hau da 'yan silin furen namiji a aljihu, ka kaɗa garin a kai, ka cusa silin a tsakiya, ka ɗaure da ganye sako-sako. Furen nan ba ya jiran kowa. In ya buɗe ka yi masa jinkirin 'yan kwanaki, shi ke nan, a bana bishiyar za ta ba ka wasu 'yan ƙanana marasa ƙwallo da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya ci. Kuma ba rana ɗaya suke buɗewa ba, sai ka hau bishiya guda sau da yawa. Mai garka yana iya haƙuri da kai a kowane lokaci, ban da wannan.

In damina ta wuce a gida, nan kuma kaka ce ta dabino. A nan ne masu saye suke zuwa, kowa da halinsa. Akwai 'yan manyan motoci daga bakin teku, waɗanda za su ɗauki ɗaya su matsa, su ɓata fuska, su ce ya cika ruwa; ka ba su busasshe su ce ya cika tauri; suna kushewa suna ci har su ƙoshi. Akwai wata Hajiya daga Sabha da ba ta sayen na kowace bishiya sai na guda ɗaya, waccan ta kusa da rijiya, kuma wallahi in ka haɗa mata da na wata sai ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta ajiye maka a gefe. Irin da ake kira talis shi ne sarki a wurinsu. In ya nuna laushi gare shi, in ya faɗi ƙasa ya kwashi yashi ya tashi daga na mutane ya koma na dabbobi.

To ga inda mu Hausawa muka yi suna. Mai hawa yana yanke nonon dabino ya zuro shi da igiya, na ƙasa ya tara a kwando. Larabawa su biyu suke kama kwando, suna tafiya suna karo da juna. Mu kuwa sai mu naɗe tsumma mu yi gammo, mu aza kwando a ka, mu bi kan kunyar ruwa hannu sake har gaban mota. Ammi Salim har baƙi yake kira su zo su gani. Yana cewa, "Ku dubi Ilu, wuyansa ya fi na raƙumi." Ni kuma ina jin daɗi, me zai hana? Haka na ga ubana yana yi, haka uwata ta ɗauki tulu har ta tsufa. Ba wanda ya taɓa cewa akwai wani abu a ciki.

Abokin aikina a shekarun nan Sale ne, Bakano, kun san kuwa tsakaninmu da Kanawa sai wasa. Ba ya kirana da suna, sai Badamagare. A shekarar da nake ba ku labari, ranar yana sama ni ina ƙasa. Na ɗauki kwando cike da talis mai kyau, na bi kan kunya, ashe an saki ruwa da asuba gefen ya jiƙe. Ƙafar dama ta zame. Wanda bai saba dako ba da sai ya saki kwandon ya tsira da kansa. Amma ɗan dako jikinsa ba ya shawara da shi, kaya ba sa faɗuwa, haka aka horar da mu tun muna yara. Kwandon ya yi baya, na bi shi da wuya na fizgo shi. Na ji wani abu ya yi ƙas a ƙeyata, wani zafi ya tsarga ta kafaɗa har cikin hannun dama. Ko dabino ɗaya bai faɗi ba. Sale daga sama yana tafi yana cewa, "Kai, Badamagare, ka iya rawa!" Ku duba fa, shekara da shekaru ina hawa sama ban taɓa faɗowa ba, sai a ƙasa, ƙafata a kan yashi, abin ya same ni.

Washegari wuya ya ƙi juyawa. In za a kira ni sai in juyo gaba ɗaya da kafaɗu. Ammi Salim ya sa ni a mota zuwa Sabha, aka yi mini hoton da mu 'yan Nijar muke kira radiyo, wanda ake tsayar da kai a jikin allo a ce kar ka motsa. Mai dubawa ya ɗaga ya ce babu karaya, ya ba ni maganin zafi ya ce in huta, in ciwon bai tafi ba in dawo. Ni dai abu ɗaya na ji: babu karaya. Sauran maganar na bar masa a can. Kaka ce, dabino yana zuba, wa zai kwanta? Da wuyan ya ɗan saki na koma, na naɗe gammona na ci gaba.

Ranar da na san akwai magana, ina saman wata doguwa can gefen gabas. Na kai hannu zan yanke nono, sai na ga jini yana bin igiya. Na duba, ashe ƙaya ce ta shiga babban yatsana na dama ta karye a ciki, ni kuwa ban ji komai ba. Na cije yatsan da haƙori. Kamar na ciji takalmi. Kafin in gama mamaki lauje ya sulluɓe daga hannuna, ya sauka ya kafe a yashi dab da ƙafar Sale. A ranar bai yi mini wasa ba. Ni ma na ji tsoro ƙwarai, na sauko a hankali.

Tunda hoto ya ce wuya lafiya, sai kowa ya tasar wa yatsan. A gidan da 'yan garinmu suke haya a Hajara babu wanda bai zama likita ba. Aka shafa masa man zafi, aka ɗaure shi da tafarnuwa, aka turbuɗa shi a yashi mai zafi, wani ya ce lalle, na kwana da jan yatsa kamar amarya. Wanzami ya yi mini ƙaho a bayan hannu. Da na ce masa wuyan ma yana damuna, ya ce in zauna ya murɗe mini shi ya yi ƙara sau ɗaya a wuce wurin. Har ya kama haɓata, na ji zafin ya harba, na ce, "A'a, Sarkin Aska, bar mini abina tukuna."

Ammi Salim ne ya zo ya same ni a can. Ya zauna, ya sha shayi, sannan ya ce, "Ya Ilu, ni ba zan ɗora wa bishiya mutumin da ba ya jin igiyarsa ba. Sale zai ƙarasa kakar nan. Amma in fure ya tsage, Sale shi kaɗai ba zai iya ba, kai ma ka sani. In hannunka ya dawo, garka taka ce. In bai dawo ba dole in nemi wani." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Sai dai na san ma'anar maganar: mai furfura irina, ba hawa, ba dako, sai hanyar gida. Da zai tashi ya ce ya yi magana da wata likita a gari, ta ce a yi mini wani hoton dabam, wanda suke kira ranin.

Shi wannan hoton ba a tsaye ake yinsa ba. Aka ce in cire duk wani ƙarfe, na cire zobe, na cire agogo, na ciro 'yar askar da ke aljihuna, na ciro allurar cire ƙaya, na ciro makullin akwati, mai aikin yana ta miƙo faranti yana dariya, ya ce ko akwai sauran lauje a wando. Aka kwantar da ni a kan wani gado, aka tura ni cikin wani rami fari mai ƙunci, aka ce ko miyau kar in haɗiya da ƙarfi. Sai ƙara ta tashi, ƙwanƙwasa iri-iri, ka ce maƙera ne suka kewaye kaina. Na rufe ido na yi ta salati har aka jawo ni. Aka ba ni babban ambulan da baƙaƙen hotuna a ciki da takarda guda, aka ce ganin likita sai bayan Juma'a.

Wayyo, wannan Juma'a! Da aka sauko daga masallaci duk gidan ya taru a tsakar gida, aka ɗaga hotunan ana hanga ta hasken rana. Sale ya ce wannan ai wuyan akuya ne a teburin mahauci. Wani ya nuna wani farin layi ya ce ruwan ciwo ne ya taru. Wani ya nuna baƙin wuri ya ce nan jini ya mutu. Takardar da Turanci aka rubuta ta, sai wani mai suna Musa, da ya ɗan yi lakwal, wato boko, ya ɗauke ta da wayarsa ya sa ta fassara. Wayar ta fara zubo magana: lalacewa a nan, lalacewa a can, bushewa, kumburi, matsewa. Kowane ƙashi da nasa laifin. Aka kawo shinkafa na kasa kai loma. Sale ya dafa ni ya ce, "Badamagare, ka yi haƙuri, kowa da ranarsa. Amma rediyon nan taka ta jin labarai, kar ka bar wa dangi su yi faɗa a kanta, ni zan riƙe." Na yi dariya har wuyan ya amsa.

Likitar 'yar garin ce, ba ta kai 'yata ta fari ba a shekaru, mai magana da sauri. Na miƙa mata ambulan da hannu biyu, ta ajiye a gefe ko buɗewa ba ta yi ba. Ta ce in matse yatsunta. Ta ce in tanƙwara hannu ta ja in hana. Ta ƙwanƙwasa mini gwiwar hannu da ɗan guduma, ta bi yatsuna da tsinke tana tambaya ina nake ji ina ba na ji. Ta sa na yi tafiya a kan layi ɗaya, dunduniya a gaban yatsu. Na gaji na ce, "Likita, ga hoton can fa, an sha wahala kafin a yi shi."

Ta ce, "Ya Haj, kai ne marar lafiya ko hoton? Sai na ji abin da jikinka ya ce, sannan in tambayi hoton ko ya yarda."

Sannan ta manna shi a jikin allo mai fitila. Ta ce hoton farko bai yi ƙarya ba, ƙashi yake nunawa, kuma ƙashina bai karye ba. Wannan kuwa yana nuna abin da ke da laushi. Ta sa biro ta ƙirga mini ƙasusuwan wuya, guda bakwai, ɗaya a kan ɗaya. Ta ce in duba tsakaninsu. Na matsa kusa. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani ɗan faifai, ta ce shi ne yake karɓar nauyi don kada ƙashi ya goga ƙashi.

Na ce, "Af! Gammo!"

Ta ce mene ne gammo. Na warware rawanina a gabanta, na naɗe shi, na aza a ka, na ɗauki ambulan ɗin na ɗora a kai. Ta yi dariya sosai. Sai kuma ta tsaya, ta ce, "Tun yaushe kake ɗaukar kaya a haka?" Na ce tun ban san kaina ba. Ta gyaɗa kai ta ce to yanzu hoton ya gama yi mata bayani.

Ta ce duk lalacewar nan da waya ta karanta mana har na kasa cin abinci, yawancinta tsufa ne da aiki. Gammunan sun ɗan bushe sun kwanta, kamar yadda gashi yake furfura. Ta ce in an jera mutanen garka masu shekaruna an yi musu wannan hoton, da yawa za a ga haka, kuma suna yawonsu ba abin da ke damunsu. Mai rubuta takarda aikinsa ne ya faɗi duk abin da ya gani, ba duka ne ciwo ba. Sai ta kai biro ƙasa kaɗan, tsakanin na biyar da na shida. Nan kam ni ma na gani da idona: gammon ya bultso ta gefe. Ta ce wannan ne mai maganar, kuma ga dukkan alamu ranar kwandon nan ya fito. Ta gefen dama ya bultso, ya danne jijiyar da ke fita daga nan ta bi kafaɗa ta sauka har babban yatsa.

Na ce, "To yatsan fa?"

Ta ce, "Yatsanka lafiyarsa lau. In ka ga ruwa bai kai ƙarshen kunya ba, ƙarshen kake tonawa ko kana bin tiyo ka ga inda aka taka shi?"

Na tuna tafarnuwa da lalle da ƙaho, kunya ta kama ni. Ta nuna mini wani dogon abu da ya sauko ta tsakiya, ta ce wannan ita ce laka, kuma alhamdu lillahi ba a taɓa ta ba, shi ya sa ta sa ni tafiya a layi ta gani. Na tambaye ta ko yanka za a yi. Ta ce a yadda take gani ba yanzu ba, irin wannan da yawa yana lafawa da kansa in an daina tsokanarsa, amma sai an yi haƙuri, kuma ba ta yi mini alkawari ba. Ta kafa mini sharuɗɗa. Kaya a ka, an gama har abada. Kada kowa ya murɗe mini wuya, ko wane ne. In je wurin masu gasa jiki su koya mini motsin da zan riƙa yi. In na ga ƙafa tana harɗewa, ko hannu yana ƙara mutuwa, ko ɗayan ya kama, ko fitsari ya rikice, kar in jira wayewar gari. Na ce hawa fa? Ta ce ba yanzu ba.

Sanyin shekarar nan a ƙasa na yi shi. Ni da nake kallon Gudduwa daga sama, na koma mai buɗe ruwa da korar awaki. Safe da yamma ina jan haɓa baya ina saki kamar yadda aka koya mini, Sale yana cewa ga kunkurun Damagaram yana gaisuwa. Ammi Salim ya sayo baro mai taya ɗaya ya ajiye a bakin rijiya. A hankali zafin kafaɗa ya ja baya, barci ya dawo, ƙarfin hannu ya dawo. Da na koma wurin likita ta ja hannuna ta kasa buɗewa, ta ce madalla. Amma ta soka tsinke a babban yatsa, shiru. Ta ce ji shi ne yakan zo a ƙarshe, wani lokaci ma ba ya cika dawowa duka. Ta ce ranar da na ji shi sosai in fara da gajeru. Kullum da safe in bi igiyata da yatsan, ba na bambanta ta da sandar lauje.

Sai ga kwanson farko ya tsage a bishiyar Hajiya ta kusa da rijiya. Ƙamshin furen namiji ya cika garka. Sale yana hawa yana sauka shi kaɗai har ya daina surutu, abin da ban taɓa gani ba. Ammi Salim ya kira ni gefe ya ce ya yi magana da wani mai hawa daga Wadi Bawanis, zai zo bayan kasuwa. Bai iya kallon idona ba. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri, na shiga ɗaki na fara duba abin da zai shiga jaka da abin da zan bar wa Sale.

Zama ya gagare ni, sai na ɗauki lauje na tafi wurin 'yan matasan bishiyoyin can da ake kaiwa daga tsaye, in share musu ƙaya ko na rage wa baƙon aiki. Ina yi hankalina yana Magarya. Na tura hannu ƙarƙashin wani reshe ban duba ba.

Ihun da na yi, har tattabaru suka tashi. Na yar da lauje, na kama hannu ina tsalle ina zagin ƙaya da uwarta da ubanta. Ina cikin zagin sai na tsaya cak. Na duba. Babban yatsa ne, na dama, ƙaya ta shiga gefen farce, kuma zafi yake yi, zafi na gaske mai hawa har ƙwaƙwalwa. Na matsa wurin da gangan, na sake yin ihu. Na ruga cikin garka da yatsa a sama, jini yana bin hannuna, ina cewa, "Yana zafi! Ammi, yana zafi! Wallahi zafi yake yi!" Sale daga saman bishiya ya ce, "Shi ke nan, ciwon ya hau kai."

Ammi Salim ya kama hannun, ya sa allura ya ciro ƙayar ba tausayi, yana kallon fuskata ina yamutsa ta. Ya ce in rufe ido. Ya ɗauko wata tsohuwar igiya ya sa mini a hannu. Na bi ta da yatsan, ban yi nisa ba na ce, "Nan ta ci, kar kowa ya hau da wannan." Ya shiga ɗaki ya fito da tawa igiyar ya rataya mini a kafaɗa, ya nuna mini gajeruwar nan da na fara koyo a kanta. Baƙon Wadi Bawanis ya zo ya taya mu 'yan kwanaki a kan dogaye, ya ci tuwonmu ya koma.

Hotunan suna nan a ƙasan akwatina. Gammon kuwa ga shi, shi nake zaune a kai tun ɗazu, aikin da ya rage masa ke nan. Kwanduna ga baro can, duk wanda na gani da kaya a ka a garkar nan ni da shi ne.

To, mai jar hula, shayi ya ƙare. Tashi ka cire takalmin, ga igiya, bi ta da yatsa tukuna. In ƙaya ta same ka a sama, ka yi ihu iya ƙarfinka, kar ka ji kunya. Ni ina nan ƙasa ina yi maka barka.